Haƙorin da Ba a Wasawa

A Fagge, in ka ce Sabo mai gatari, ko baƙon jiya zai nuna maka lungun gidansa. Shekara arba'in ya yi yana hawa itatuwan unguwar yana rage musu rassa, tun darbejiyoyin bakin titi ba su wuce tsayin katanga ba. Siririn mutum ne mai dogayen yatsun ƙafa, har ana cewa da su yake riƙe reshe kamar yadda wani yake riƙewa da hannu. Amma abin da aka fi saninsa da shi wata ɗabi'a ce: Sabo ba ya iya ganin ƙarfe dakusasshe ya ɗauke kai. In ya shiga gidan mutum aiki ya tarar da wuƙar yanka albasa ta mutu, sai ya zaro dutsensa daga aljihu ya wasa ta kafin ya hau itacen, ba tare da an roƙe shi ba. An ce ya taɓa wasa cokalin matarsa Ummakulsum har ya yanke mata leɓe. Ita dai ba ta taɓa ƙaryata labarin ba.

Bara kafaɗarsa ta dama ta ce ta gaji. Bai faɗo daga ko'ina ba, ya wayi gari ne kawai hannun ya ƙi ɗaguwa sama da kunne. Aka shafa man shanu, aka yi ƙaho, aka je asibiti aka karɓo ƙwayoyi, hannun ya ce shi nan ya tsaya. Mai gatarin da ba ya ɗaga hannu kuwa, me ya rage masa? Ga shi dama aikin ya fara sulalewa wurin masu inji, waɗanda suke gama aikin yini uku kafin shayi ya huce. Sai Sabo ya sayar da ragunansa biyu ya sayi tsohon injin yanka itace, ja, mai tsagaggen murfi. Shi inji ba a sara da shi. Riƙewa ake yi, sarƙa mai haƙora ta zagaya dogon ƙarfen da ke gaba, ta ci itacen. Wannan kam kafaɗar za ta iya.

Wata biyu ya yi yana 'yan ƙananan ayyuka lafiya lau. Sai da la'asar ɗin wata Litinin hadari ya taso daga gabas da iska mai ƙarfi, ya tsage babban reshen tsamiyar gidan Malam Hamzat, tsohon hedimasta. Tsamiyar ta girmi gidan, don kewaye ta aka yi da gini. Reshen bai faɗi ba, ya tsaya maƙale da rabin jikinsa, ya sunkuyo daidai kan kwanon ɗakin Inna Muhibba, mahaifiyar Malam ɗin, wadda ta haura tamanin, ta kuma rantse ba za ta kwana a wani ɗaki ba.

Malam Hamzat ya so ya kira samari masu babban inji. Inna ta ce, "Tun kana ɗaura lakataye Sabo yake yi wa itacen nan aski. Baƙo ba zai hau min ita ba."

Aka aika wa Sabo ya zo ran Laraba.

Da hantsin Larabar ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ya ɗora injin a cinya. Ya lura kwana biyu sarƙar ba ta ci sosai, gari take fitarwa kamar na tuwo, kuma tsamiya ba ta son wasa. Ya ɗauko magagari, ya kai idonsa kusa da sarƙar, karon farko tun da ya sayi injin. Abin da ya gani ya ba shi haushi. A gaban kowane haƙori mai kaifi akwai wani ɗan guntun haƙori mai doro, dakusasshe sumul, kamar tun da aka ƙera shi ba a taɓa goga masa komai ba. Ya bi sarƙar kaf, haka abin yake, ɗaya da kaifi, ɗaya babu.

"Kai, wanda ya riƙe injin nan rago ne," in ji shi. "Rabin aiki yake yi."

Ya duƙufa. Bai tashi ba sai da ya zaftare doron kowane guntu ya fitar masa da tsini. Ya shafa babban yatsa a kai, ya ga jini ya ɗan tsatso, ransa ya yi fari.

Bayan azahar ya isa gidan Malam Hamzat. Aka lallashi Inna ta fito ta zauna a kujera can gefen rijiya. Maƙwabta suka cika soro. Sabo ya hau, ya jawo injin da igiya, ya ja shi ya tashi, ya ɗora a kan wani reshe mai kaurin cinya. Injin ya cafki itacen kamar kare ya cafki ƙashi, ya fizge shi gaba, ya yi tsalle, ya sauko ya tsarge wandonsa daga gwiwa zuwa ƙwauri. Tsakanin sarƙar da naman ƙafarsa bai kai faɗin yatsa ba. Mata suka yi salati. Sabo ya sake ɗorawa. Wannan karon injin sama ya yi, ya wuce ta gefen kunnensa, ya ɗebe hularsa. Hular ta sauko ƙasa gida biyu.

Ya kashe injin ya sauko. A soro har an fara magana ƙasa-ƙasa. Wani ya ce tsamiya ai da masu ita, gatari sun saba da shi, wannan ƙarar ce ba sa so. Wani ya ce a turara mata wani abu tukuna.

Malam Hamzat bai yarda da zancen masu tsamiya ba. Abin da ya yarda da shi ya fi wancan ciwo. Ya ja Sabo gefe ya ce, "Malam Sabo, girma ya zo mana duka, ba abin kunya ba ne. Ni ba zan so a ce ka mutu a gidana ba, ba kuma zan so reshen nan ya danne min uwa ba. Jibi Juma'a. In aka sauko daga masallaci yana nan sama, zan kira wasu, ko Inna ta yi fushi."

Sabo ya ce to. Ya san Fagge. Ranar da aka ga wani ya hau ya ƙarasa aikin da ka fara, daga ranar ba mai sake aiko maka, sai dai a gaishe ka da mutunci a wuce.

Ummakulsum ta dubi wandon, ta dubi rabin hular da ya shigo da shi a hannu. Ya ce mata mutane sun ce iskokin tsamiya ne.

Ta ce, "Shekara talatin kana hawanta ba su ture ka ba, sai da ka sayo wannan jan shaiɗanin? Ka kai shi wurin likitansa mana. In ya ce lafiyarsa ƙalau, sai mu nemi turare."

Da safiyar Alhamis ya naɗe injin a buhu ya hau adaidaita sahu. Suka kutsa cunkoson Bata suka shiga Sabon Gari, ya sauka a layin masu gyaran janareto. A ƙarshen layin akwai wani ɗan shago da aka rataye tsofaffin sarƙoƙi a ƙofarsa kamar labule. Mai shagon sunansa Onyekachi, ƙaton mutum mai furfura a gemu da tabarau ɗaure da zare. Iyayensa daga kudu suka zo, amma shi a Sabon Gari aka yanke masa cibiya, yana jin Hausa kamar jakin Kano. Masu yankan katako daga nesa suke kawo masa injinansu.

"Baba, sannu da zuwa. Me ya same shi?"

"Cizo yake yi, Oga Kachi. Ni yake nema."

"To bari mu ga bakinsa."

Bai fara da bakin ba. Ya kwance murfi ya zaro wani soso baƙi ƙirin, ya ɗaga shi da yatsa biyu kamar mataccen ɓera.

"Baba, wannan hancinsa ne, ta nan yake shan iska. Yaushe rabonka da wanke shi?"

"Ashe ana wankewa?"

"Kai kana wanke naka?"

Ya jefa soson a ruwan sabulu. Ya kwance fulogi ya kankare baƙin da ya daskare a kai. Ya tambayi yadda Sabo yake haɗa fetur da man inji, Sabo ya ce da ido. Onyekachi ya ce ido na kallon hanya ne, ya ɗauko wata 'yar kwalba ya ja mata layi da ƙusa: mai zuwa nan, a galan ɗaya na fetur, kullum, ko da aljanu suna kiransa. Sannan ya sa tsinke ya sokale wata 'yar ƙofa da man sarƙa yake fitowa ta ciki, wadda garin itace ya toshe.

A kan teburinsa akwai gwangwanin madara cike da tarkace, Sabo ya kasa ɗauke ido daga kai. Ƙusoshi ne, da rabin ƙarfen kofaton doki, da cokali, da ƙararrawar keke, da wani makulli mai tsatsa.

"Duk daga cikin itace aka ciro su," in ji Onyekachi. "Itacen birni haɗiye-haɗiye gare shi. Mai shayi ya kafa ƙusa ya rataya buta, ya mutu, itacen ya rufe ƙusar da nama. Bayan shekara ashirin sarƙa ta same ta, sai a kawo min gyara. Ni kuma in ce a kawo min abin da ta ci karo da shi. Wannan makullin, har yau ina tunanin ƙofar da yake buɗewa."

Yana magana yana jan sarƙar da yatsa. Sai hannunsa ya tsaya a kan wani haƙori. Ya gyara tabarau, ya sunkuya, ya ɗago, ya sake sunkuyawa.

"Wane ne ya yi wannan?"

Sabo ya gyara zama. "Ni ne. Na tarar da rabinsu a mace, na tashe su."

Onyekachi ya dafe teburi ya yi dariya har tabarau ya zamo masa. Mai gyaran janareto na kusa ya leƙo, Onyekachi ya kore shi da hannu. Da ya ga fuskar tsohon, sai ya haɗiye sauran dariyar ya share ido.

"Yi haƙuri, Baba. Shekara talatin ina aikin nan, na ga wanda ya sa sarƙa a juye, na ga wanda ya zuba manja. Ban taɓa ganin aiki mai kyau irin wannan a wurin da ba a so ba. Duba, duk tsayinsu ɗaya! Da me ka auna?"

"Da yatsa."

"Gatari ka riƙe a da, ko?"

"Shekara arba'in."

"Shi ya sa." Ya jawo wata sarƙa daga ƙofa ya shimfiɗa kusa da ta Sabo. "Ka ga wannan guntun mai doro? Ba haƙori ba ne, mai tsaron ƙofa ne. Shi yake fara taɓa itacen, ya ce wa mai kaifin da ke bayansa, iya nan za ka ci, loma ɗaya 'yar ƙarama. Kai kuma ka zaftare shi. Yanzu kowane haƙori so yake ya haɗiye reshen gaba ɗaya. Ya cafka, ya kasa haɗiyewa, sai ya yi tsalle. Allah ya so ka, Baba. Akwai wanda aka kawo min injinsa shi yana asibiti."

Sabo ya daɗe yana kallon sarƙoƙin biyu. A duniyarsa ƙarfe iri biyu ne, mai kaifi da wanda ragon mai shi ya bari. Bai taɓa jin ƙarfen da dakushewarsa ce aikinsa ba. Kunya ta kama shi, amma a ƙarƙashin kunyar wani abu ya saki a ƙirjinsa, don in laifin hannunsa ne na jiya da safe, to ba tsufa ba ne.

"A mayar da doron mana," ya ce.

"Ƙarfen da aka goge ba ya tsirowa. Wannan sarƙar ta mutu. Sabuwa kuma irin ta injinka babu a layin nan, kaya suna hanya, sai sati na sama."

"Gobe ne, Oga Kachi. Gobe kafin masallaci." Ya ba shi labarin tsamiya da Inna da abin da Malam Hamzat ya ce.

Onyekachi ya sosa gemu. Ya tashi ya shiga bin labulen sarƙoƙinsa ɗaya bayan ɗaya, yana gwadawa yana mayarwa. Can ya zaro wata mai tsatsa, haƙoranta sun gajarce don tsufa, amma masu doronta suna nan lafiya. Ta fi ta Sabo tsawo. Ya jiƙa ta a kananzir, ya goge, ya buge ƙusoshin gaɓa biyu ya cire, ya haɗe bakin ya daddaƙe. Ya ɗora ta a injin ya ɗaure, ya ɗaga tsakiyarta da yatsa ya saki, ta koma ta kwanta da 'yar ƙara.

"Haka ake ɗaure ta. In ta yi sako-sako ta fice, in ta yi tauri ta ƙone. Tsohuwa ce, amma za ta yi aiki biyu ko uku kafin sabuwa ta iso. Saura wasawa. Kai za ka wasa."

"Ni da na kashe waccan?"

"Hannunka ba shi da laifi, ba a gabatar da ku ba ne."

Ya ba shi wani siririn magagari mai kama da tsinken tsire. Ya ɗauko 'yar kwalbar jan farce, ya ce ta matarsa ce, har yau nemanta take, ya ɗiga a haƙori ɗaya don a san inda aka fara. Ya nuna masa yadda ake kwantar da magagarin a cikin lanƙwasar haƙori, a karkace kaɗan, a tura gaba sau uku, ba a ja da baya. Kowane haƙori sau uku, kada wani ya fi wani. A gama na ɓangare ɗaya, a juya injin a yi na ɗayan.

Sabo ya fara. Kafin haƙori na biyar hannunsa ya gane abin, har Onyekachi ya koma kan wani aikin. Amma ido yana ganin doron nan sumul, hannu sai ya zarce da kansa. Onyekachi ya buga sifana a teburi, ƙwas!

"Baba!"

"Shafawa kawai na yi."

"Kada ka shafa. Kada ka gaishe shi. In ya yi tsawo da yawa akwai ma'aunin da ake rage shi da shi, wannan aikina ne, ka kawo min."

Sau uku sifana tana sauka kafin jan farcen ya zagayo. Sabo ya yi azahar a masallacin bakin layi ya dawo, suka gwada injin a kan wani gungumen malaina da ke ƙofar shago. Ya shiga sumul. Amma malaina laushi gare ta, kuma a ƙasa take. Sabo ya san wannan, Onyekachi ma ya sani.

"Ka duba abin da yake tofarwa," in ji Onyekachi yana naɗe masa injin a buhu. "In ɓarzajje ne kamar tsaki, ci gaba. In ya koma gari, tsaya ka wasa. Kada ka danna shi, bar shi ya ci da kansa."

Ran Juma'a da hantsi mutanen soron sun fi na Laraba. Wasu sun zo taimako, wasu sun zo ganin abin da masu tsamiya za su yi. Inna Muhibba tana kujerarta a gefen rijiya da carbi. Sabo ya hau da sabon wando da tsohuwar hula. Ya ɗaura igiya a ƙarshen reshen da ya tsage, ya zarga ta a wani reshe na sama, ya jefo bakin ƙasa. Malam Hamzat ya kama, da maƙwabcinsa Alhaji Abdulgani tela, da wasu mutum biyu.

Ya ja injin ya tashi. Da ya kai shi kusa da itacen, sai hannuwansa suka ƙi. Kunnensa na dama ya tuna iskar da ta wuce shi shekaranjiya. Ya tsaya haka, injin yana kuka a banza, har aka fara kallon juna a ƙasa.

Muryar Inna ta ratso ƙarar. "Sabo! Hoto ake ɗaukarka?"

Ya yi bisimilla ya ɗora. Ya jira fizga, fizga ba ta zo ba. Sarƙar ta nutse a hankali, ɓarzajjen itace ja-ja yana zubo masa a ƙafa, ƙamshin tsamiya mai tsami-tsami ya tashi. Guntun farko ya rabu ya yi lilo a igiya, aka sassauta shi har ƙasa.

Haka ya bi reshen daga ƙarshe zuwa gindi, guntu-guntu. A na shida ya ga abin da injin yake tofarwa ya fara laushi. Ya kashe shi, ya zauna a kan reshe ya harɗe yatsun ƙafa, ya zaro siririn magagari.

"Lafiya?" in ji Malam Hamzat, yana duba agogo.

"Lafiya lau. Abinci yake ci."

Uku, uku, uku, har jan farcen ya zagayo. Masu doron suna wucewa ta ƙarƙashin yatsansa ɗaya bayan ɗaya, ya ƙyale su.

Guntun ƙarshe shi ne mai nauyi. Ya ja mutum huɗun nan taku biyu, ya daki kusurwar kwanon Inna ya lotsa ta, sannan ya sauka. Inna ta ce dama kusurwar nan yoyo take yi, sai Hamzat ya gyara. Ana kiran salla na farko Sabo ya sa ƙafa a ƙasa.

Malam Hamzat ya riƙe hannunsa da hannu biyu, ya ce, "Sannu, Malam Sabo. Sannu."

Alhaji Abdulgani yana hura tafin hannunsa da igiya ta goge, ya matso. "Darbejiyata ta kusa cin wayar lantarki. In an sauko daga masallaci ka leƙo mana."

Sabo ya dubi injin, garin itace ya lulluɓe shi har murfi.

"Sai gobe, Alhaji," ya ce. "Yau zan wanke masa hanci."